Godiya ga Alhaji mai shagon wuƙaƙe na babbar kasuwar Maraɗi

Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Ya kasuwa?

Na san halinka, ba za ka so a kama sunanka a bainar jama'a ba, don haka na bar shi. Duk wanda ya saba sayen kayan ƙarfe a kasuwa ya san shagon da nake nufi. Amma yaba kyauta tukuici, kuma tukuicin da nake da shi ke nan.

Ni ne dattijon nan mai lambu daga Jiratawa da ya zo bara, gab da saukar ruwa, ya kafe sai an ba shi jar wuƙar aljihu ta Suwizalan, Victorinox. A hannun wani malamin gona na fara ganinta, ta shiga raina. Ruwan wuƙa biyu, babba da ƙarami, ga almakashi, ga ɗan zarto, ga sukudireba da basilla, har da tsinken sakace. Na yi wata biyu ina tara kuɗinta. Kana da ita, ita ce mafi tsada a akwatin gilashinka, kuma ban nemi ragi ba. Wani da tuni ya naɗe mini ita a takarda ya ce Allah ya sa albarka. Kai kuwa sai ka ce, "Baba, wane aiki za ta yi maka?"

Na ce auren mangwaro, wato haɗa reshen wani mangwaro a jikin wata uwar bishiya. Ka aiki yaro ya karyo reshen bedi, ka miƙo mini jar wuƙar, ka ce in fere shi kamar yadda nake yi a lambu, sau ashirin ba hutawa. Ban kai goma sha biyar ba tafin hannuna ya fara faɗa mini gaskiya. Bayan ƙarafan nan da ke naɗe cikin ƙota su ne ke cin hannu, ga kauri, ga santsi. Wanda bai taɓa wannan aiki ba zai ce ƙaramin abu ne. Amma yankan aure ja ɗaya ake yi masa, ya fita sumul, don koren da ke ƙarƙashin ɓawon reshe ya haɗu da na uwar kafin a ɗaure da leda. In hannu ya yi rawa yankan ya yi tudu da kwari, iska ta shiga, reshe ya bushe, aikin shekara ya tafi. Mai yin ɗari a wuni ba ya wasa da ƙota.

Sai ka ɗauko wata siririya mai ƙotar katako da ruwa ɗaya tak, ka ce Opinel ce ta Faransa, lamba 8 a jerin girmansu. Gaskiya na raina ta. Ka ce tun 1890 ake ƙera ta a yankin da ake kira Savoie, can cikin duwatsu, kuma manoma da makiyaya ne suka fara riƙe ta. Abin da ya saye ni shi ne zoben nan na wuyanta, wanda ka ce an ƙara mata a 1955: in ka buɗe ka murza shi, ruwan ba zai naɗe ba ko ka danna da ƙarfi. Jar kuwa, irin wadda na zo nema, ƙarfe mai tsalle ne kawai ke riƙe ruwanta. Ni da ke da tabo a ɗan yatsa, na wata wuƙar jabu da na saya a tasha ta rufe mini a kai ina yankan igiya, ba sai an yi mini dogon bayani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ka faɗi aibinta tun kuɗi na aljihuna. Ka ce ƙarfenta irin mai tsatsa ne, in na kwana ban goge ba zan gani, kuma ruwan mangwaro zai mayar da ita baƙa, kada in damu, ba lalacewa ba ce. Ka ce da damina katakon zai sha danshi ya kumbura ya riƙe ruwan gam, in haka ta faru in buga gindin ƙotar a kan benci, bakin zai leƙo. Haka kuwa aka yi cikin Agusta. Na tsaya a lambu ina ta fama da farce, sai na tuna, na buga a kan ƙotar hauya, ta buɗe. Yanzu kowace yamma ina goge ta, in ɗiga mata man gyaɗa, in ja ta sau biyu-uku a dutsen washi. Tana aske gashin hannu.

Ka kuma nuna mini Okapi, wadda iyayenmu suka sani, mai zobe a baya, da aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 kafin ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu a 1988. Ka ware mini ta gaske da ta kwaikwayo, ka ce ga kuɗin wannan ga na waccan. Ba kowa ke yin haka ba a zamanin nan.

Kada mai karatu ya ɗauka kana ƙin masu ruwa da yawa. Bayan wata uku ɗana da ke jan mota tsakanin Maraɗi da Damagaram ya zo wurinka, shi kuma jar ka ba shi. Direba bai san abin da hanya za ta kawo ba: yau waya ta tsinke, gobe kusa ta kwance, jibi gwangwanin sardin. Shi ya ba ni labarin da ka yi masa na makiyayan Amurka da wuƙarsu mai ruwa uku, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya miƙaƙƙe na yankan fata da igiya, na ukun kuma na fiɗiye maruƙa, wanda ba a kai shi kusa da abinci. Wannan dalili ne mai kyau, na yarda. Ni dai aikina ɗaya ne, kuma har yanzu ina ganin rabin kayan da ke cikin tasa ado ne, ko da yake ranar Sallah na ari almakashin na gyara gemu.

Yawancin auren da na yi bara sun kama, sun yi toho har sun kai ƙugu. In Allah ya kai mu haihuwarsu, kwandon farko naka ne. Ka gaishe mini da yaron da ya karyo bedi. In lamba 6 ta shigo, ka ajiye mini guda, jikana ya fara bina lambu, kuma takwas ta yi wa hannunsa girma.

Naka,
Mai lambu daga Jiratawa