Zuwa ga Malamin da Ya Ce Ko Ban Sani Ba, Ko Na Ɓoye

Assalamu alaikum, Malam.

Ban ji shirin ba ranar da aka watsa shi. Ina tsakiyar tuƙa tuwo wata ɗalibata ta bugo waya muryarta na rawa, ta ce, "Malama, ana maganarki a rediyo." Washegari aka turo mini muryar, na saurara sau uku. Ka tambaya me ya kai ni ɗauko waƙar Goblin Market ta wata Baturiya, Christina Rossetti, ta zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, na mai da ita wasan kwaikwayo da Hausa, sai ka ce tatsuniyoyinmu sun ƙare. Ka tambaya wa ya ba da kuɗin. Sannan ka sassauta murya, yadda ka saba in za ka yi sara, ka ce ko dai Malamar ba ta san abin da waƙar ke nufi ba, ko kuwa ta sani ta ɓoye wa iyayen yara.

Lambar wayata tana hannunka tun ina ɗalibarka. Amma tunda a kasuwa ka tare ni, a kasuwa zan ba ka amsa.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Hayar kujeru, zoɓo tulu biyu, kwandon mangwaro da ɗinkin fuskokin dodanni, daga albashina suka fito da karo-karon 'yan matan da suka yi wasan. Takardar lissafin tana nan in kana so. Maganar ɗauko labarin baƙi kuwa, a ajinka na fara jin cewa Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa da wasunsu, ya sa musu riga da rawani. A lokacin basira ka kira abin.

Tambaya ta uku ce ta hana ni barci, don ƙofa biyu kawai ka bar mini: in fita a jahila ko in fita a munafuka. Shekara goma sha huɗu ina koyar da adabi, iyaye suna ba ni 'ya'yansu har la'asar ba tare da sun aiko a duba ba. Wannan amanar ka taɓa, kana dariya da mai gabatar da shiri.

Tunda masu sauraronka ba su karanta waƙar ba, ga abin da ke ciki. Christina Rossetti, haifaffiyar Landan a 1830, ta rubuta Goblin Market a watan Afrilu na 1859, aka buga ta a 1862 da zanen yayanta Dante Gabriel. 'Yan mata biyu ne, Laura da Lizzie, uwa ɗaya uba ɗaya. Safe da yamma suna jin wasu halittu a bakin rafi suna tallar kayan marmari, suna kiran a zo a saya. Wani fuskar kyanwa gare shi, wani yana sanɗa irin ta ɓera, wani yana jan ciki kamar dodon koɗi, akwai ma mai birgima kamar dage, wannan dagen namu mai fasa amya. Lizzie ta toshe kunne ta gudu. Laura ta tsaya. Ba ta da ko anini, suka ce ta biya da gashin kanta, ta yanke ɗan gashinta ta ba su, ta sha har leɓɓanta suka yi ciwo. Daga ranar ba ta ƙara jin kiran ba, Lizzie kaɗai ke ji. Kwaɗayin ya ci ta, ta rame, furfura ta fito mata, ta daina shara da tatsar shanu. Ƙwallon da ta zo da shi gida ta shuka, ta shayar da shi da hawaye, bai tsiro ba.

Lizzie ta san ƙarshen wannan hanya, don akwai wata Jeanie da ta ci ta mutu, ko ciyawa ba ta fitowa a kabarinta. Duk da haka ta ɗauki kuɗin azurfa ɗaya ta tafi wurinsu. Suka ce ta zauna ta ci tare da su, ta ce a'a, saya za ta yi ta kai gida. Nan fara'a ta ƙare. Suka yakushe ta, suka ja gashinta, suka yaga mata riga, suka dinga matsa mata 'ya'yan itatuwan a baki. Ta dafe leɓe ta ƙi buɗewa har suka gaji suka jefo mata kuɗinta. Ta koma gida jikinta sharkaf da ruwan, ta ce wa Laura ta rungume ta, ta sumbace ta, ta tsotse shi. Ruwan da ya yi zaƙi a da ya koma ɗaci kamar maɗaci. Laura ta faɗi, Lizzie ta kwana tana jinyarta, da asuba ta farka lafiya lau.

Wannan sumbar kake nufi, Malam, sai dai ba ka iya faɗa a rediyo ba, ka bar mutane su ƙiyasta abin da ya fi muni. To na sani. Na san akwai masana a Turai da Amurka da ke karanta wurin da ma'anar sha'awa tsakanin mata, na karanta su tun kafin ka ji sunan waƙar. Na san Playboy, mujallar batsa ta Amurka, ta buga ta a 1973 da zane-zanen da ba a nuna wa yara. Ban san ta wace ƙofa kai ka shigo waƙar ba, ba kuma zan tambaye ka a bainar jama'a ba, don an koya mini kunya.

Abin da ka tsallake shi ne matar da ta rubuta. Rossetti mai riƙon addini ce a cocin Ingila, irin riƙon da ya sa ta fasa aure har sau biyu saboda saɓanin aƙida. Duk Kiristan zamaninta da ya ji Lizzie tana cewa a ci ta, a sha ta, jibin coci ne zai fara faɗo masa a rai, inda suke cin gurasa da sunan jikin da aka ba da fansa. Ta sadaukar da waƙar ga yayarta Maria. Kuma daga wajen shekarar da ta rubuta ta, ta yi kimanin shekara goma tana aikin sa kai a wani gida a Highgate, arewacin Landan, inda ake karɓar matan da suka faɗa karuwanci a koya musu sana'a su koma cikin mutane. Ɗan'uwanta William ya ce ya sha jin ta tana cewa ba wani abu mai zurfi take nufi da labarin ba. Ni ban cika yarda da marubuci in ya faɗi haka ba, amma ko ba komai ya nuna cewa ma'anar da ka riƙe kamar wahayi ɗaya ce cikin da yawa, kuma ba ita ce ta fari ba.

Duk da haka na canza wurin, ban kuma ɓoye ba. Yana rubuce a takardar da aka raba a ƙofa, shafi na biyu. A wasanmu Lizzie ta cire ɗankwalinta da ya jiƙe, ta matse shi a tafin hannu, ta ba Laura ta sha. Na yi asarar wani abu a nan, na sani, don a waƙar jikin Lizzie da aka daka shi ne maganin. Amma yarinyar da ta fito a Lizzie 'yar shekara sha shida ce, gobe za ta bi layinsu ta je islamiyya, ni kuma na san bakin unguwa.

Da ka zo, da ka ga inda aikin ya fi ba ni wuya, kuma ba nan ba ne. Sunan halittun ma sai da na yi mako a kansa. Aljani yana da nauyin addini, a cikinsu har da musulmi. 'Yan iska ne sunan da ya fi dacewa da su ta fuska biyu, amma da ban sami zauren ba. Na tsaya a dodanni, don dodon tatsuniyarmu ma yakan yi shigar kyakkyawan saurayi ya ɗauke budurwa. Sai kuma wani abu da Turanci ya bar Rossetti ta yi shiru a kai: ba ta taɓa faɗin wace ce babba ba. Hausa ba ta yarda da wannan shirun, dole wata ta ce Yaya. Na ba Laura girman, na mai da Lizzie ƙanwa, don in yaya ce ta je ceto sai a ce aikinta ne. Sannan talla. A garinmu 'yan mata ke ɗaukar faranti, maza na kiran su lungu. A waƙar maza ke talla, yarinya ke saye. Na bar shi yadda yake, na sa dodannin su ja kiran da irin karin da 'yan talla ke yi, kuma na ga matan da ke zaure sun gane abin da aka juya musu.

Lokacin da Laura ta ɗaga almakashi kan gashinta, wata dattijuwa a layi na uku ta ce da ƙarfi, "Ke! Ba a ba baƙo gashi!" Ba wanda ya yi dariya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tattara gashin tsifa a binne shi ya san abin da aka sayar a wurin, ya ma fi Baturen yau sani. Da aka zo dukan Lizzie, zoɓo da mangwaro na gangaro mata har wuya, ta rufe ido ta dafe baki, zauren ya yi tsit har ana jin fankar sama. Gani ya kori ji, Malam. Kai ji ka yi.

Dalilin da ya sa na ɗauko waƙar yana ƙarshenta. Laura ba ta mutu ba. Ba a aske ta ba, ba a kore ta ƙauye ba, ba ta haukace a tasha ba. Gashinta ya dawo yadda yake, ta yi aure, ta haihu, ita ce ma ke tara yara tana ba su labarin. Ka lissafa mini labarai nawa ka rubuta ko ka yaba, waɗanda yarinya ta yi kuskure a cikinsu ta kai shafin ƙarshe da ranta da mutuncinta. Mun iya Jeanie, kabarinta muke nuna wa 'ya'yanmu kullum. Ina da ɗalibai biyu da suka bar makaranta cikin shekara uku, ba kuma wanda ya bi sawunsu, har da ni. Ɗayar ƙanwarta tana ajina, ba ta yarda a ambaci sunan yayar a gabanta. Ita nake gani duk lokacin da nake rubuta maganganun Lizzie.

Abin da ya fi ƙona mini rai, waƙar da kake rerawa tsohuwa ce. Tun da mata suka fara rubuta littattafai a Kano ake cewa suna lalata tarbiyya, har aka kai ga cinna wa littattafan Hausa wuta a bainar jama'a a 2007. Namiji ya rubuta kishiya da boka da zagi, a ce yana nuna rayuwa. Mace ta rubuta yarinyar da ta ƙi buɗe baki ana dukanta, a tambayi wa ya aiko ta. Ko Rossetti ba ta tsira ba. John Ruskin, babban mai sharhin zamaninsu, ya duba waƙoƙinta a 1861 ya ce ba mai ɗab'in da zai karɓa, ta je ta koyi awon baiti tukuna. Shekara na zagayowa kamfanin Macmillan ya buga. Shi dai Ruskin ya karanta kafin ya yanke hukunci, kuma a wasiƙa ya aika wa yayanta.

An ce mini naka wasan ne aka so a yi a zangon nan kafin 'yan matan su zaɓi wannan. Ban yarda ba, na ce Malam ya wuce nan.

Za mu sake yi ranar Asabar ta ƙarshen wata, bayan la'asar. Na sa an ajiye maka kujera a layin gaba, tare da waƙar da fassararta baiti-baiti, layi 567, ba a cire ko ɗaya ba. Kada ka sa fararen kaya, zoɓon yana fallatsa.

Wassalam,
Tsohuwar ɗalibarka.