Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba Salva Kiir Kan Kundin Tsarin Mulkin Sudan Ta Kudu

Mai Girma Shugaban Ƙasa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka wannan wasiƙa ne daga Nijeriya a kan alkawarin da ka ɗaukar wa jama'arka ranar 9 ga Yuli, 2011, lokacin da ka sa hannu a kan kundin tsarin mulki na wucin gadi a birnin Juba, ka kuma yi rantsuwar kare shi. A watan Janairun 2011 ne mutanen kudanci suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, inda sama da kashi 98 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa daga Sudan. An shaida musu cewa kundin na ɗan lokaci ne, kafin a zauna da su a rubuta na dindindin. Har yau ba a rubuta shi ba, kuma tun da aka sami 'yancin kai ba a taɓa gudanar da babban zaɓe ko sau ɗaya ba.

Ranka ya daɗe, babban aibin kundin na 2011 shi ne yadda ya tattara iko a hannun mutum guda. Sashe na 101 ya ba shugaban ƙasa damar tsige gwamnan jiha da rusa majalisar dokokinta idan aka shiga rikicin da ke barazana ga tsaron ƙasa, kuma shugaban ne da kansa yake yanke hukuncin ko an shiga irin wannan hali. Sashen ya yi tanadin a naɗa gwamnan riƙo wanda zai shirya zaɓe cikin kwana 60, amma da ka sauke Chol Tong Mayay na jihar Lakes a Janairun 2013, sannan Taban Deng Gai na jihar Unity a watan Yuli, ba a yi waɗannan zaɓuɓɓuka ba, alhali jama'a ne suka zaɓi mutanen biyu a 2010. A cikin watan Yulin dai ka sallami mataimakinka Riek Machar tare da ɗaukacin ministoci. Saɓanin da ya kamata majalisa ko kotu ko babban taron jam'iyyar SPLM mai mulki su warware ya rasa inda za a kai shi, sai ya faɗa barikin soja a daren 15 ga Disamba, 2013, daga nan ya rikiɗe zuwa kashe-kashe tsakanin ƙabilun Dinka da Nuer. Wani bincike da masana a Landan suka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa yaƙin ya yi sanadin mutuwar mutum kusan dubu 400. Ba kai kaɗai ke ɗauke da alhakin wannan jini ba, domin Riek Machar da mayaƙansa suna da nasu kaso mai nauyi, amma kai ne ka riƙe alƙalamin.

Batun jihohi ma ya isa misali. Kundin ya san jihohi 10, sai ga shi a Oktoban 2015, makonni kaɗan bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta watan Agusta, ka ba da umarni an mayar da su 28, daga baya aka nemi majalisa ta gyara kundin don ya dace da abin da aka riga aka aikata. A 2017 suka zama 32, a Fabrairun 2020 kuma aka koma 10 tare da yankuna uku na musamman. Kowane sabon layi da aka ja a kan taswira ya taɓa makiyaya da gonaki da rijiyoyin mai na wasu al'ummu, kamar yadda aka gani a rigimar ƙabilun Shilluk da Dinka a kan garin Malakal. Ƙasar da za a iya sauya iyakokin jihohinta da sanarwar dare ɗaya a gidan talabijin na gwamnati ba za ta iya cewa doka ce take mulkinta ba.

Mu a Nijeriya mun ɗanɗana irin wannan. A watan Mayun 1966, shekara shida ba ta cika ba da samun 'yancin kanmu, Janar Aguiyi-Ironsi ya soke tsarin tarayya da dokar soja mai lamba 34 ba tare da amincewar jama'a ba, kuma abin da ya biyo baya ya kai mu ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Hatta kundin da muke aiki da shi tun 1999 gwamnatin soja ce ta kafa shi da doka, shi ya sa har gobe ake jayayya a kan halaccinsa. Tsohon shugabanmu Olusegun Obasanjo ne ya jagoranci kwamitin binciken Tarayyar Afirka kan ta'asar da aka yi a ƙasarka, don haka lamarinku ba baƙo ba ne a wurinmu.

Yarjejeniyar zaman lafiya da aka sabunta a Addis Ababa ranar 12 ga Satumba, 2018 ta shimfiɗa hanya a fili: a haɗe rundunonin ɓangarori su zama soja ɗaya, a kafa kotun haɗin gwiwa da Tarayyar Afirka, a rubuta kundi na dindindin, sannan a yi zaɓe. Abin da aka fi gaggauta aiwatarwa shi ne rabon muƙamai, wato mataimakan shugaban ƙasa biyar da majalisar dokoki mai kujeru 550 waɗanda duk naɗa su aka yi. An ɗage zaɓe zuwa Disamban 2024, aka sake ɗage shi zuwa Disamban 2026. Ka sa hannu a kan dokar rubuta kundin a ƙarshen 2022, sai dai hukumar da aka ɗora wa aikin ta yi ta kukan rashin kuɗi, a ƙasar da ke sayar da ɗanyen mai. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuwa tun 2008 aka yi ta, kafin ƙasar ta wanzu.

Roƙona gare ka shi ne ka saki kuɗin wannan hukuma, ka bar ta ta zaga jihohi da sansanonin 'yan gudun hijira a Uganda da Habasha da Kenya ta ji ta bakin mutane cikin harsunansu, ba tare da jami'an tsaron farin kaya suna hana taro ko kama masu magana ba. Sannan ka fito ka bayyana da bakinka cewa kana goyon bayan kundin da zai ƙayyade wa'adin shugaban ƙasa, ya raba shi da ikon tsige zaɓaɓɓen gwamna, ya ɗora sauya iyakar jiha a kan yardar mazaunanta, ya kuma wajabta shigar da kuɗin mai cikin asusun da majalisa ke sa wa ido. Kafin a kammala wannan aiki, kana da ikon miƙa wa majalisa ƙudurin gyara sashe na 101 a zamanta na gaba, kuma ina roƙonka da ka fara daga nan.

Wassalam,
Wani ɗan Nijeriya mai yi wa Sudan ta Kudu fatan zaman lafiya.