A Gyara Darasin Farko na Kwamfuta Kafin a Ɗora Ilimin Sadarwa a Kansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan darussa biyu da jami'o'i ke koyarwa, wato darasin farko na sarrafa kwamfuta da ake bai wa sababbin ɗalibai, da kwas ɗin haɗa kwamfutoci su yi sadarwa da juna wanda ake ɗorawa a kansa daga baya. A ganina raunin da ake kuka da shi a na biyun yana farowa ne daga sakacin da ake yi da na farkon.

Akwai wani zato da ya samu gindin zama a zukatan masu tsara karatu, cewa matashin da ya tashi da wayar zamani a hannunsa ya riga ya san kwamfuta, don haka darasin farko cika sharaɗi ne kawai. Wannan zato kuskure ne, domin an ƙera wayar ne yadda za ta ɓoye wa mai ita duk abin da ke gudana a cikinta. Ɗalibi yana iya aika hoto da bidiyo cikin ƙiftawar ido, amma idan aka zaunar da shi gaban kwamfuta aka ce ya nuna inda fayil ɗin da ya adana ya shiga, ko ya bambance ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita nan take da ma'ajiyar da ke riƙe bayanai bayan an kashe wuta, ko ya rubuta wa na'urar umarni da haruffa ba tare da danna hoto ba, sai a ga ya tsaya cak. Wannan ba matsalar ƙananan makarantu ba ce kaɗai. A Jami'ar Cambridge ta Ingila, wajen shekarar 2006, Eben Upton da abokan aikinsa sun lura cewa masu neman shiga sashen kimiyyar kwamfuta suna zuwa da ƙarancin ƙwarewa idan aka kwatanta da waɗanda suka gabace su, kuma wannan damuwa ce ta haifar da 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai suna Raspberry Pi da ta fito a 2012, domin yara su samu na'urar da za su buɗe su yi gwaji da ita ba tare da fargabar lalata ta ba.

Saboda haka darasin farko ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci, kuma alamar an ɗauke shi da muhimmanci ita ce yadda ake jarraba shi. Muddin jarrabawar takarda ce da biro, inda ake tambayar ɗalibi ya jero sassan kwamfuta ko ya kawo tarihin zuriyoyinta, to hadda za a samu, kuma haddar za ta gushe da ƙarewar zangon karatu. Kamata ya yi a zaunar da shi gaban na'ura a ce ya tsara fayilolinsa cikin folda, ya shirya rubutu mai shafuka da yawa da jerin abin da ke ciki, ya yi lissafi a jadawali irin na Excel, ya girka manhaja ya kuma cire ta, ya adana kwafin aikinsa a wuri na biyu, sannan ya gane saƙon imel na yaudara idan ya gan shi. Haka kuma a wannan mataki ne ya dace ya saba da lissafin sifili da ɗaya, wanda da yawa ke ɗauka ɓata lokaci ne, alhali wanda bai iya shi ba ba zai taɓa fahimtar yadda ake raba adireshin kwamfutoci ba idan ya isa kwas ɗin sadarwa.

A kwas ɗin sadarwar ne kuma abin ya fi damuna. Galibi ana buɗe shi da tsarin nan da ke raba aikin sadarwa zuwa hawa bakwai, da ake kira OSI, wanda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar a 1984, a sa ɗalibai su haddace sunayen hawan daga ƙasa zuwa sama, kuma sau da yawa a nan ilimin ke tsayawa. Ba na raina wannan tsari, domin yana taimaka wa mutum ya tsara tunaninsa yayin neman inda matsala take, amma intanet da muke amfani da ita tana tafiya ne bisa ƙa'idojin TCP/IP, waɗanda Vint Cerf da Bob Kahn suka bayyana tushensu a 1974, kuma hanyar sadarwar ARPANET ta Amurka, wadda intanet ta samo asali daga gare ta, ta koma kansu ranar 1 ga Janairu, 1983. Abin da ya kamata malamai su tuna shi ne a jami'o'i aka raini wannan fanni, kuma hannun ɗalibai na cikinsa tun daga ranar farko. Ɗalibi ne ya aika saƙon farko na ARPANET daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford ranar 29 ga Oktoba, 1969, kuma haruffa biyu kacal suka isa kafin tsarin ya tsaya, sai da aka gyara aka sake gwadawa. Takardar farko a jerin takardun da har yau ake rubuta ƙa'idojin intanet a cikinsu, Steve Crocker ne ya rubuta ta a wannan shekara yana ɗalibin babban digiri. Da gwaji da tuntuɓe da gyara aka gina ilimin, kuma ban ga yadda za a isar da shi ga wani ta hanyar allo da alli kawai ba.

Ɗakin gwajin da nake nufi ba ya bukatar wani abin a zo a gani. A bai wa ɗalibai biyu ko uku kwamfutoci, da wayar Ethernet, wato kebul ɗin haɗa kwamfutoci, da za su haɗa kanta da hannunsu, da na'urar da ke haɗa kwamfutocin ɗaki ɗaya, da rauta mai miƙa bayanai daga wata hanyar sadarwa zuwa wata. Su bai wa kowace kwamfuta adireshi, su aika saƙon gwaji su ga ko ya dawo, sannan su buɗe manhajar Wireshark, wadda kyauta ce, su kalli ƙunshin bayanan yana wucewa ɗaya bayan ɗaya, da adireshin mai aikawa da na mai karɓa a rubuce. A wannan lokaci ne hawa bakwai ɗin nan da aka haddace suke zama abin da ido ke gani. Bayan komai ya daidaita, sai malami ya zo ya ɓata wani abu da gangan ba tare da ya faɗa ba, ko ya sauya lamba ɗaya a adireshi, ko ya bai wa na'urori biyu adireshi iri ɗaya, ko ya karkatar da tsarin DNS mai fassara sunan shafi zuwa lambobi, ya bar su su gano da kansu. Ɗalibin da ya yi awa guda yana neman dalilin da ya sa kwamfutarsa ke kaiwa ga maƙwabciyarta amma ba ta fita waje, ya koyi abin da laccoci da yawa ba za su koya masa ba. Tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka ajiye suna iya ɗaukar Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, su yi wannan aiki, kuma inda na'urori suka yi ƙaranci akwai manhajojin kwaikwayo irin su Packet Tracer da GNS3, ko da yake ba sa nuna wa ɗalibi wayar da ta yi sako-sako a mazauninta, alhali a wurin aiki irin wannan ƙaramin abu kan tsayar da ofis ɗungum.

Kada a ɗauka neman kuskure aikin ƙananan ma'aikata ne. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duk duniya na kimanin awa shida, kuma musabbabin shi ne umarni da aka bayar yayin aikin gyara a hanyar sadarwar kamfanin, wanda ya kai ga janye sanarwar da ke nuna wa sauran intanet hanyar isa gare su. Wanda ya fahimci yadda rautoci ke sanar da juna hanya zai gane abin da ya faru cikin sauƙi.

Wani abin kuma shi ne tsufan abin da ake koyarwa. Har yanzu ana samun takardun lacca da ke ɓata makonni a kan raba adireshi zuwa ajin A da B da C, tsarin da aka sauya tun 1993. Adireshin IPv4, wato tsohon tsarin adireshin intanet, yana da gurbi 32 na sifili ko ɗaya, wanda ke ba da adireshi kimanin biliyan 4.3, kuma hukumar da ke rabon su a matakin duniya ta raba na ƙarshe da ke hannunta a watan Fabrairu na 2011. Duk da haka IPv6, sabon tsarin da aka ƙirƙiro domin magance wannan ƙaranci, mai gurbi 128, kan samu shafi ɗaya a ƙarshen kwas idan lokaci ya rage.

Game da takardun shaidar kamfanoni, irin CCNA ta kamfanin Cisco, wanda shirinsa na koyarwa a makarantu ya fara a 1997, ina ganin suna da amfani, kuma ɗalibin da ya samu dama ya nema. Sai dai bai dace jami'a ta mayar da kwas ɗinta shirin cin jarrabawar kamfani ɗaya ba, domin umarnin na'ura yana sauyawa daga kamfani zuwa kamfani, amma dalilin da ya sa bayanai ke cunkushewa a hanya, ko yadda ake tabbatar da saƙo ya isa cikakke, ba ya sauyawa, kuma bayyana wannan dalili shi ne aikin jami'a.

Roƙona ga majalisun da ke tsara karatu a jami'o'i shi ne su gwada kowane sabon ɗalibi a gaban kwamfuta a makon farko, domin wanda ya riga ya iya ya wuce gaba, wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba kuma ya samu kulawar da yake bukata ba tare da jin kunya ba. Su kuma ware aƙalla rabin makin kwas ɗin sadarwa ga aikin hannu, sannan su buɗe wa ɗaliban ajin ƙarshe ƙofar sashen da ke kula da hanyar sadarwar jami'ar kanta, su yi aiki ƙarƙashin injiniyoyin wurin na tsawon zango ɗaya kafin a ba su digiri.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku.