A Ceto Gidajen Ƙasa na Birnin Damagaram

Malam Edita, assalamu alaikum.

A unguwar Birni aka haife ni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Daminar bana bangon zauren kakanmu ya zube, zanen da maginan dauri suka yi masa da hannu ya bi ruwa. Na tsaya ina kallo, hawaye na zuba.

Na ji daɗin jin hukumomin birninmu suna maganar adana kayan tarihi, Allah ya saka. Amma gidan ƙasa yaɓe yake so duk shekara, da makuba, da indararo mai kyau. Tsofaffin magina suna ƙarewa, samari kuwa sun koma siminti, ba na ganin laifinsu, can kuɗin yake. Ganuwar zamanin Sarki Tanimun ma, ɗan abin da ya rage zaizayewa yake yi.

Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, kafin a koma Yamai. Agadas ta shiga kundin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013, Birni tun 2006 yana jerin jira.

Roƙona ga magajin gari: a ware kuɗin yaɓe kafin ruwa ya sauka, a haɗa yara da Sarkin Magina su koyi aikin.

Naku,
Wani tela daga Birni, Zinder