A Faɗa Mana Yadda Aka Gane Iskar Titan

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na kimiyya inda kuka ce akwai iskar gas a sararin Titan, babban watan duniyar Zuhal. Labarin gaskiya ne, sai dai kun wuce ba ku faɗi yadda aka gane ba. Shi ya sa a majalisarmu nan Garwa wasu suka ce ƙaryar Turawa ce: wa ya je ya shinshino?

Haske ne ya tona asirin. Hasken rana yana ratsa iskar Titan ya dawo, sai a tare shi da madubin hangen nesa, a rarraba shi launi-launi har zuwa ɓangaren infirared, wanda ke bayan ja kuma ido ba ya ganinsa. Kowace iska tana da ɓangaren hasken da take shanyewa, ta bar giɓi nata na kanta, kamar yadda Bafulatani ke gane saniyarsa a kasuwa da shaidar da ke jikinta. Da haka masanin taurari Gerard Kuiper ya gano metan, iskar gas mai kama wuta, a Titan a 1944, yana zaune a Texas ta Amurka, tun kafin a harba ko kumbo ɗaya.

Daga baya an je kusa. Kumbon Voyager 1 ya gifta a 1980, na'urarsa ta auna zafin da iskar ke fitarwa, aka ga etan da furofan, su ma iskar gas ne masu kama wuta. A 2005 ƙaramin kumbo Huygens ya sauka a can, ya tabbatar da metan ɗin. A 2013 kuma kumbon Cassini ya nuna furofilen, sinadarin da ake yin roba da shi. Masu tsoron gobara su kwantar da hankali: sanyin wurin ya kai digiri 179 ƙasa da sifili, kuma babu iskar oksijin da wuta za ta ci.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Da wannan dabara ce taurarin ɗan'adam ke hango metan da ke yoyo daga rijiyoyin mai da bututu. Mu da bututun mai ya ratsa ƙasarmu daga Doba ta Chadi zuwa Kribi tun 2003, ya kamata yaranmu su iya karanta irin wannan awo da kansu. Don Allah a gayyato malamin fizik daga jami'ar Ngaundere ko ta Marwa, a ba shi shiri guda, ya yi bayani da Hausa.

Naku mai sauraro,
Malamin sakandare, Garwa, Kamaru