Wasiƙa ga aminina kan kofin da ya ruɗe mu

Assalamu alaikum mutumina,

Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Na ga saƙonka na ƙarshe, layi biyu kacal, ko gaisuwar kirki babu, na ce to malam ya hau dokin zuciya. Sauko don Allah. Lokacin amfani da injin harba furoton da muka daɗe muna nema ne kwamiti ya ba mu, kuma tun da aka buɗe mana bim, wato kwararar furoton da injin ke harbowa, ban ƙara sanin dare da rana ba. Tambayarka kan littafin nan tana raina, zan zo kanta. Bari dai in fara sauke abin da ke cina, domin duk cikin waɗanda nake rubuta wa wasiƙa kai kaɗai ne za ka kai ƙarshen wannan ba ka yi hamma ba.

Abin da muke aunawa ba shi da wuyar faɗa. Muna harba furoton kan siririn fallen nikel 64, sai cibiyoyin wasu ƙwayoyin zarra na nikel ɗin su haɗiye furoton su tofar da niyutron, su rikiɗe su koma jan ƙarfe 64, wanda asibitoci ke amfani da shi wajen hoton cikin jiki da ake kira PET. Rabinsa kan ƙare cikin awa 12.7, don haka duk mai sarrafa shi yana so ya san ƙarfin harbin da zai fi ba shi yawa. Abu uku kake buƙata kafin ka fitar da wannan adadi: yawan ƙwayoyin nikel a cikin fallen, yawan jan ƙarfen da aka haifa, da yawan furoton da suka ratsa. Na farko sikeli ke ba ka, na biyu na'urar jamaniyam mai ƙirga hasken gama da jan ƙarfen ke fitarwa. Na ukun ne ya hana ni barci.

Ka tuna zanen injin tandem da Malam yake mana a allo, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga hagu zuwa dama ya wuce? Allah ya ƙara masa lafiya, ashe duk aikin a cikin wannan layin yake. Ana farawa da haidirojin mai ƙarin ilektiron ɗaya. Wutar da ke tsakiyar tanki ta jawo shi, ya ratsa wani fallen kabon da ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya yage, fallen ya tuɓe masa ilektiron biyu, ya zama furoton tsirara, sai wutar da ta jawo shi ɗazu ta koma ingiza shi. Bolt miliyan 5 a tsakiya, MeV 10 (ma'aunin ƙarfin furoton) a bakin fita. Daga nan babban maganaɗisu ya lanƙwasa shi digiri 90, mai ƙarfin da ake so kaɗai ke wucewa ta tsagar da ke gaba, sauran su daki ƙarfe su ƙare a nan.

Sai maganaɗisu masu kai huɗu, waɗanda har yau ban daina sha'awarsu ba. Kowane ɗaya yana matse bim ta gefe guda ya bar shi ya baje ta ɗayan, kamar ka matse balan-balan a hannu. Amma in ka jera biyu, ka juya na biyun digiri 90, sai jimillar ta zama matsewa ta ko'ina. Courant da Livingston da Snyder ne suka fito da wannan a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka a 1952, sai daga baya aka gane wani injiniyan lifta a Atina, Christofilos, ya riga su, har ya nemi rajistar dabarar tun 1950 ba wanda ya kula shi. Da ka ga mai tuƙin injinmu yana murɗa su, idonsa kan kyamara, wani koren haske a kan faranti yana tashi daga dogon zare yana dunƙulewa har ya koma ɗigo mai faɗin milimita biyu ko uku, da ka daina cewa aikinmu danna maɓalli ne. Duk wannan kuma cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, abin da ya rage kusan kashi ɗaya cikin biliyan na wadda muke shaƙa.

A ƙarshen komai, bayan fallen, kofin Faraday ke zaune. Ƙarfe ne mai zurfi, furoton su faɗa ciki, waya ta kwashe cajin ta kai ma'auni. Nano'amfiya ɗaya na nufin furoton sama da biliyan shida a daƙiƙa. Duk layin ba abin da ya kai shi sauƙi, shi ya sa ba wanda ya waiwaye shi.

Da muka fitar da lissafin farko muka ɗora shi kan bayanan da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ke tarawa a Biyana, sai namu ya zauna a ƙasa. Kowane ɗigo, ba ɗaya da ya tsira. Abin da ya ƙara dagula lamarin, tazarar ba iri ɗaya ba ce: a ƙaramin ƙarfi tana da faɗi, in an hau sai ta tsuke. Kuskuren awo yakan zo da kaso ɗaya ko'ina, wannan kuwa yana da siffa, kuma abu mai siffa yakan sa zuciyar matashi ta buga. Ɗalibinmu na digiri na uku, yaro mai ƙwazo wallahi, har ya tsunduma cikin ka'idojin cibiya yana neman sabon dalili. Ban ga laifinsa ba. Shugaban ƙungiya ya kafe cewa fallen ne, wai masu sayar mana ba su faɗi kaurinsa daidai ba. Muka ratsa shi da ƙwayoyin alfa da amerisiyam 241 ke fitarwa muka duba ƙarfin da suka rasa, kauri yana nan daram. Wata ta ce ko bim ɗin na warwatsewa a fallen har wani ɓangare ya kuskure bakin kofin. Da haka ne, da mun ƙirga furoton kaɗan, lissafi ya hau sama, namu kuwa sauka ya yi. Aka yi ta ja-in-ja a ɗakin sarrafawa, lokacin injin yana zurarewa. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza, amma na rasa ta ina.

Dattijon da ke kula da layin, wanda ya riga rabin na'urorin wurin zuwa, bai ce uffan ba sai da muka gaji. Sannan ya miƙa hannu ya sauke wutar zoben da ke bakin kofin daga bolt 300 zuwa sifili, ya ce mu dubi ma'auni. Bai motsa ba. Ya mayar da ita, bai motsa ba.

Ka gano ko? In furoton ya daki ƙarfe yakan fizgo ilektiron daga fuskarsa. Duk ilektiron da ya tsere daga kofin, ma'auni na ganinsa tamkar wani furoton ne ya ƙaru, tunda fitar ragi daidai take da shigar ƙari. Aikin zoben shi ne ya kora su su koma ciki. In yana aiki, da ka cire masa wuta dole adadi ya yi tsalle. Rashin motsin nan shi ya tona asiri: wutar ba ta isa zoben tun farko. Ga kuma inda na ji tsigar jikina ta tashi: yawan ilektiron da ake fizgowa yana bin yawan ƙarfin da furoton ke zubarwa a fuskar ƙarfen, shi kuwa raguwa yake in furoton ya ƙara sauri. Siffar da ta ruɗe mu ke nan cif-cif.

Muka kashe bim, muka jira ma'aunin radiyeshin ya sauko, aka saki naitirojin cikin bututun aka buɗe. Waya ce ta zame daga ciki, daidai inda take ratsa bangon ƙarfe, tana reto kusa da mahaɗinta, tazarar ba ta kai kaurin farce ba. Akwatin wutar a waje kuwa yana nuna 300 lafiya lau. Ina riƙe da tocila yana matse ta, sai ka faɗo mini a rai. Sa'arka ɗaya a cikin bututu ba a amfani da dalma, da kai aka ba wa wannan aikin da har yau muna neman inda ɗigon ya faɗa. Kada ma ka fara musu, akwai shaidu, kuma abokinmu mai jar hula har gobe yana ajiye da rigar nan mai ƙuna a hannu.

Af, tunda na ambace shi: ka ji ya bar koyarwa ya koma sashen kula da injin gashin ciwon daji? Ya kira ni yana ta ba ni labarin awon hasken da suke yi kowace safiya kafin mara lafiya na farko ya shigo, murya cike da farin ciki, ban taɓa jin sa haka ba. Ya ce ka ci bashin kira. Ita kuma ƙanwarka, an ce ta gama rubuta kundin, ka yi mata barka kafin in kira ta da kaina.

To bayan an rufe, an zuƙe, an bi kowace gaɓa da feshin hiliyam ana sauraren na'urar gano yoyo, ni abin da ya tsaya mini shi ne mun ɗora aikin gaba ɗaya kan shaida guda. Na nace sai mun samo na biyu. Muka sa fallen zinariya siriri a gaban nikel ɗin, da na'urorin silikon biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, kowace a kusurwar digiri 20, suna ƙirga furoton da zinariyar ta karkatar. Lissafin da ke gaya maka nawa za su karkata shi ne wanda Rutherford ya fitar a 1911, bayan Geiger da Marsden sun zauna cikin duhu a Manchesta a 1909 suna ƙirga walƙiyar alfa da idonsu. Abin da ya girgiza duniya a lokacin, yau shi ne ma'aunin da muke gwada kofi da shi, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda zan iya gaya maka. Za ka ce me ya sa biyu? Saboda a wannan kusurwar, kuskuren digiri ɗaya tak yana sauya adadin da kusan kashi 20 cikin ɗari. In bim ya ɗan karkata hagu, ta hagu ta ƙaru ta dama ta ragu, ka haɗa su ka samu gaskiya, kuma nan take ka san ya karkata. Da muka sake harbawa, kofi da zinariya suka yi magana ɗaya, ɗigogin namu suka hau suka zauna inda ya kamata. Ɗalibin nan ya fi kowa ihu, ka ji mutumin kirki.

Yanzu ƙirge muke yi. Hasken gama da muke bi na keV 1346 ne (keV dubu ne MeV ɗaya), kuma mai rowa ne, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na rikiɗewar ba, sai an zauna an jira. Dab da shi akwai na kobalt 60 a 1332, tazarar 14 kacal. Jamaniyam ɗinmu, muddin yana shan ruwan naitirojinsa yana zaune a digiri 196 ƙasa da sifili, faɗin tsininsa wajen keV 2 ne, yana raba su sarai. Tsohuwar na'urar sodiyam ayodaid ɗin nan taka da kake ta yabo, da tudu ɗaya za ta nuna maka ta ce shi ke nan.

Damuwata ta gaske ita ce dattijon nan ya kusa ritaya, kuma ba a ɗauki kowa ya koya a hannunsa ba. Kowa ya san cewa a cibiyar bincike ta RIKEN a Japan an samu ƙwayoyi uku na sabon sinadarin nihoniyam, a 2004 da 2005 da 2012, ta hanyar harba zink 70 kan bismut 209. Ba mai tambayar su wane ne suka riƙe wannan bim ɗin a kan fallen duk tsawon shekarun nan. An buɗe babban injin harba ƙwayoyi na FRIB a Mishigan ta Amurka a 2022 da burin kai ƙarfin bim kilowat 400, ana gina irinsa, FAIR, a Damstat ta Jamus, kuma kowannensu zai buƙaci mutumin da zai kalli ma'aunin da bai motsa ba ya san akwai magana. Na riga na gaya wa shugaba cewa sunansa zai shiga jerin marubutan takardar, ba a gode masa a layin ƙarshe a wuce ba. Ya ce za a duba. Zan sake tayar da maganar a taron mako, kuma na samu mutum biyu da za su mara mini baya.

Ga abin da nake so daga gare ka. A cikin ɗalibanka, wanda kake cewa hannunsa ya fi bakinsa, mai kwance kayan ɗakin gwaji ya mayar ba a sa shi ba, ka aiko mini da takardunsa. Akwai gurbin horo na wata shida, kuma ina so ya same shi tun dattijon yana nan. Kada ka tsaya duba makinsa na lissafi, wannan ni zan ji da shi.

Tambayarka kuwa: e, littafin yana wurina, ban ba kowa aro ba, zan ba mai zuwa ya kawo maka. An kira ni, lokacin cika naitirojin ya yi kuma yau juyina ne. Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan auta, ka kuma rubuto wasiƙar da ta wuce layi biyu.

Naka har kullum,
Amininka