Amsa ga mai binciken kuɗi kan rajistar kwamfuta da aikin da ke bayanta

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa, tun da manhajar kamfani tana rubuta duk abin da ma'aikaci ya taɓa, har da sa'a da minti, me ya sa nake dagewa sai an zauna da ma'aikata kafin a zana yadda aiki ke gudana. Na ga ya dace in amsa a rubuce, domin masu bincike da yawa suna da irin wannan zato.

Fannin haƙo tsarin aiki daga bayanan kwamfuta, wanda Farfesa Wil van der Aalst ya jagoranci bunƙasarsa a jami'ar fasaha ta Eindhoven da ke Holan kafin ya koma Aachen ta Jamus a 2018, yana neman abu uku a kowane layi na rajista, wato jerin abubuwan da manhaja ke rubutawa: lambar lamarin da ake bi (kamar lambar oda), sunan aikin, da lokacin aukuwarsa. Lokaci manhaja na bayarwa, lambar ma ana samo ta da ɗan ƙoƙari. Sunan aikin ne babu, domin kwamfuta ba ta rubuta cewa an sasanta da mai kawo kaya. Abin da take rubutawa kawai shi ne an canza wani gurbi a wani jadawali.

Ɗauki odar sayen kaya a manhajar SAP, wadda kamfanoni ke gudanar da harkokinsu da ita. Jadawalin CDHDR yana ajiye wanda ya yi canji da rana da lokaci, CDPOS kuma yana ajiye gurbin da aka taɓa da tsohon adadi da sabo. To, a ce layi uku duk sun nuna an canza farashi. Na farko ya auku kafin shugaban sashe ya amince da odar, wato gyaran kuskuren rubutu ne, ba wani abu ba. Na biyu na'ura ce da kanta ta yi shi cikin dare a kan ododi masu yawa lokaci guda, babu hannun mutum a ciki. Na uku ya zo bayan takardar neman biya ta iso, kuma sabon farashin ya yi daidai da abin da ke cikinta. Wannan na ukun shi ne wanda ya kamata ya tsayar da kai, domin yana iya nufin an gyara odar ne don ta dace da kuɗin da mai kawo kaya ya nema, amma in ka dubi layukan su kaɗai kamarsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wanda ya yi canjin da muƙaminsa, da abin da ya gabace shi, da abin da ya biyo baya.

Ga kuma wata matsalar: aiki ɗaya na iya haifar da layuka barkatai, kuma in aka zana su yadda suke, hoton yakan fito a harɗe kamar taliya, ba mai iya karanta shi. A 2014 Thomas Baier da Jan Mendling da Mathias Weske sun nuna yadda za a yi amfani da rubutattun ƙa'idojin aiki na ma'aikata wajen haɗa irin waɗannan layuka da ayyukansu, amma a hanyarsu ma mutum ne ke tabbatar da haɗin. Hanyoyin da ke koyar da na'ura da misalai su ma suna bukatar wanda ya san aikin ya fara sa wa misalan suna.

Abin da ya fi damuna shi ne rahoton bincike yana iya shafa wa ma'aikaci kashin kaji alhali bai yi laifi ba. Don haka nake roƙonka, duk lokacin da aka kawo maka taswirar aiki, ka nemi a nuna maka rubutattun sharuɗɗan da aka bi wajen haɗa layuka da ayyuka, ka tabbatar ainihin rajistar tana nan ba a taɓa ta ba, sannan ka zaɓi wasu ododi ka bi su ɗaya bayan ɗaya tare da jami'in sayayya kafin ka sa hannu.

Huta lafiya.